Fita da yara cikin jirgi a tafkin Rusairis na Sudan da bazarar nan: a yi ko a bari?

Baban Yasir (Damazin): Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in sa ƙafa. Yaran da nake koyarwa da yamma sun gama jarrabawa, su goma sha takwas, maza sha ɗaya, mata bakwai. Fiye da rabinsu ba 'yan nan ba ne, yaƙi ne ya koro iyayensu daga Khartum da Madani da Sinja. Tun zuwansu ba su san ko'ina ba sai ajin da aka sauke su da layin ɗiban ruwa. Zafin nan kuwa kun san shi, ƙarfe goma na safe ba ka iya dafa ƙarfen raksha, keken nan mai ƙafa uku. Na yi musu alkawarin fita, na ce su zaɓi wuri. Baki ɗaya suka ce hazzan, wato madatsar ruwan Rusairis, kuma a cikin jirgi. Na sami wani mai markab, wato jirgin ruwa, ya ce zai kwashe mu duka sawu ɗaya ranar Juma'a bayan la'asar, mu zaga mu dawo kafin magariba. Kuɗin ba zai gagara ba. Amma tun jiya hankalina ya ƙi kwanciya. A garin nan aka haife ni, sai dai sau biyu tak na taɓa hawa ruwan. Waɗanda suka san shi su faɗa mini gaskiya.

Ummu Hiba (Rusairis): Wa alaikumus salam Ustaz. Don Allah ka bari. Iyayen yaran nan sun tsere wa harsashi da su a baya, kada mu zo mu miƙa su ga ruwa. Ka kai su inuwar mangwaro a bakin bahar, wato kogin Blue Nile, a soya kifi, a sha shayi, kowa ya koma gida da ƙafarsa.

Ɗan Mai Wurno: Inna, in aka bi ta tsoro ba abin da za a yi. Mu a Mai Wurno ruwan hazzan Sinnar a bayan gidajenmu yake, tun 1925 yana nan, kakanninmu sun riga shi zuwa wurin. Yaro ɗan shekara takwas yana tuƙa kwalekwale shi kaɗai. Ustaz, ka kai su kawai. Ajali in ya zo ko a kan katifa ne sai an tafi.

Kawu Masunci (Ganis): Ɗana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ustaz, na gode da ka tambaya kafin ka tafi, da yawa sai bayan an dawo da kuka ake neman mu.

Na fara da kai ɗan Mai Wurno. Yaron da ka ce yana tuƙi shi kaɗai, a ruwan aka yaye shi. Waɗannan na Ustaz wasunsu ko tsallaka kwata ba su taɓa yi ba. Sannan ruwanku na Sinnar siriri ne, har yanzu yana da siffar kogi, kana ganin gaɓa biyu. Namu tun da aka ƙara wa hazzan tsayi akwai wuraren da in ka tsaya a tsakiya, gaɓar can sai ka ce zare aka shimfiɗa. Iska in ta samu fili haka, tana tara igiyar ruwa tun daga nesa, kafin ta iso ka ta yi girman da kogi bai san shi ba. Shekaruna sun wuce arba'in a kan ruwan nan, amma bayan ɗagawar sai da na koma ɗan koyo.

Mutumin da ya ce zai ɗauki rai ashirin sawu ɗaya bayan la'asar a wannan watan, kada ka bi shi. La'asar ita ce lokacin da mu muke gudun ruwa. Damina ta kusa, hadari kan haɗu ta kudu ba sallama. Za ka ga ruwa kwance lumui kamar man shanu, zafi ya yi shiru, sai ka ji wata iska mai sanyi ta taɓa maka wuya. Daga wannan sanyin zuwa lokacin da ruwa zai fara dukan jirgi, ba ka gama shan finjalin gahawa ba. In ya same ka da jirgi cike, gefensa saura taƙi ɗaya ya sha ruwa, igiya biyu ta ishe shi. Markab na ƙarfe kuwa in ya cika ba ya jira, ƙasa yake yi kai tsaye, ba ya bar maka abin da za ka riƙe.

Baban Yasir (Damazin): Kawu, jikina ya yi sanyi. Na ƙarfe ne kuwa, da inji Yamaha guda ɗaya a baya. Ban ga filafili ko ɗaya a ciki ba.

Kawu Masunci (Ganis): To ka gani. Inji in ya mutu a tsakiya, da me za a juya kan jirgi ya fuskanci igiya? Jirgin da ya ba iska haƙarƙarinsa ya gama.

Ummu Hiba (Rusairis): Abin da nake tsoro ke nan. Kun manta Agustan 2018? Can arewa, a yankin Buhaira na Wilayar Nahar Nil, ƙasar Manasir da tafkin Marawi ya shafa. Yara 'yan makaranta sama da arba'in a jirgi ɗaya, inji ya tsaya, yara 22 suka tafi da mace guda. Su ma ba yawo suka fita ba, makaranta za su. Na yi kwana uku ina ganin jakunkunan yaran a idona duk da ban je wurin ba. Mu kuma da gangan za mu ɗauki namu?

Ɗan Ban Ruwa (Sinnar): Allah Ya jiƙansu. Inna, maganarki tana kan hanya, amma ki duba abin da ya haɗu a ranar: lodi ya yi yawa, inji ya mutu, ruwa na da ƙarfi lokacin cikowa. Duk abubuwa ne da ake iya kauce musu.

Bari in ƙara kan na Kawu daga ɓangaren aikinmu, don wasu na zaton tafki ruwa ne da ke zaune wuri ɗaya shekara duka. Hazzan Rusairis an gama shi a 1966 domin a tara ruwan damina a riƙa sako wa Sinnar da gonakin Jazira da Managil da rani, daga baya ya zama yana ba da wuta, megawat 280. Aka ƙara masa tsayi mita 10, aka buɗe ƙarin ranar 1 ga Janairun 2013. Abin da yake ɗauka ya tashi daga kusan kubik mita biliyan 3 zuwa sama da biliyan 7. Tsarin da aka saba shi ne, a Yuli da Agusta ana barin ƙofofin ƙasa a buɗe don lakar Habasha ta wuce kada ta cike tafkin. A Satumba a fara tarewa, a Oktoba ya cika maƙil. Daga nan ja ake yi a hankali har bazara. Ke nan lokacin da mutane suka fi marmarin ruwa saboda zafi, lokacin ne ya fi yin ƙasa.

Me ke ƙarƙashinsa? Daji ne da gonaki da ƙauyuka da ruwa ya hau. Bagaruwa itace ne mai taurin rai, tana shekaru a cikin ruwa ba ta ruɓe ba. Inda jirgi ya wuce lafiya a Nuwamba, a Mayu kututture na jiransa kamu ɗaya ƙasa da fuskar ruwa. Gaɓar da ruwa ya janye ya bari kuma, samanta ya bushe ya tsage kamar ƙasa mai ƙarfi, ƙasanta taɓo ne. Na ga saurayi ƙato ya nutse har cinya, sai da aka shimfiɗa masa katako aka jawo shi, takalminsa na can har yau.

Ɗan Mai Wurno: To ai yanzu da Sadd Nahda, babbar madatsar Habasha, ruwan ya daidaita, ba ya ja sosai kamar da.

Ɗan Ban Ruwa (Sinnar): Ya canza, ban musa ba. Tun da Habasha ta fara tara ruwa a Yulin 2020, bahar ba ya zuwa da tsohon halinsa. Tafkinsu yana ɗaukar biliyan 74, ninki goma na namu, kuma Rusairis ne hazzan farko da ruwansu ke tararwa bayan ya tsallako iyaka. Laka da yawa tana kwanciya can, ruwa ya fi zuwa garau, da rani kuma ana samun fiye da yadda aka saba. Amma wannan bai sa shi ya zama abin amincewa ba. Da can masunci yana lissafi da wata da tauraro ya san inda ruwa zai kai. Yanzu hawansa da saukarsa na bin injinan da ake kunnawa da ƙofofin da ake buɗewa, can da nan. Shi ya sa Sudan ta daɗe tana neman a riƙa musayar bayanan ruwa kullum tsakanin madatsun biyu. Abin da nake so Ustaz ya riƙe: kada ya tambayi wanda ya san tafkin bara. Ya tambayi wanda ya kwana a kansa jiya.

Sannan ko kusa da jikin hazzan kada a je. Wajen ƙofofi da bakin injinan wuta akwai jan ruwa ta ƙasa wanda ido ba ya gani. Ga kuma halin tsaro, wurin a tsare yake. A gaya wa yara kada wanda ya ɗaga waya ya nufi ginin da ita.

Malam na Gadarif: Ina biye da ku tun ɗazu. Ɗana na Mai Wurno, maganar ajali gaskiya ce amma ba a nan ake ajiye ta ba. An ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Yaran nan amana ce a wuyan Ustaz, wasunsu marayu. In an cika sharuɗɗan da masana ruwa suka faɗa, a hau da Bismillahi majreha wa mursaha, babu laifi a nishaɗin yara. In ba a cika ba, addu'a ba ta zama madadin filafili.

Baba Alhaji (Wad al-Mahi): Ni abin da ke damuna daban ne, ku yi mini haƙuri. Kuna ta cewa yawo, shaƙatawa. Wurin da za ku zaga ɗin nan, gidan da aka haife ni yana ƙarƙashinsa. Da za a ɗaga hazzan aka kwashe mu zuwa garuruwan da aka gina, goma sha biyu, lamba ce sunansu. Mun bar gonar gaɓa da muke shuka masara da kuɓewa bayan ruwa ya ja, mun bar kukar da ake zaman sulhu a gindinta, mun bar kabarin mahaifina da na mahaifiyata. Duk sanda na ga samari a jirgi da kiɗa suna ihu a kan wurin, sai in juya baya. Ban ce haramun ba ne. Na dai faɗi abin da ke raina.

Baban Yasir (Damazin): Baba, wallahi ban yi wannan tunanin ba, ka gafarce ni. Ni tafki kawai nake gani.

Yaya a Jidda: Baba, Allah Ya jiƙan magabata. Maganarka ta sa ni hawaye a wurin aiki. Amma ka bar ni in faɗi nawa. Mu Hausawan bahar, ruwa bai taɓa zama mana komai ba sai wahala: a jefa kalli, a ja taru, a shanya kajaik, wato busasshen kifi, a kai kasuwa. Kifin da ake ci a Damazin, karfasa da giwan ruwa da tarwaɗa da ragon ruwa, hannun iyayenmu ne ke fito da mai yawa daga ciki. Amma ka nuna mini yaronmu guda da aka taɓa ɗauka a jirgi don kawai ya ga ruwa ya ji daɗi. Nan Saudiyya in zafi ya yi mutane Abha suke hawa, su zauna bakin tafkin madatsar garin da iyalansu, ruwan da bai kai kusurwa ɗaya ta namu ba. Sai in ce a raina, ga mu da teku guda a ƙofar gida amma yaranmu tsoronsa kaɗai muka gadar musu. Bayan rikicin ƙabilancin da ya same mu a 2022 a Ganis da Wad al-Mahi, ga yaƙin nan kuma, yaran nan suna buƙatar rana ɗaya da za su tuna ƙasar nan da alheri.

Ustaz, rigunan ruwa masu hana nutsewa nawa ake buƙata? Ni da abokan ɗakina za mu saya. Nan a cike suke a shagunan masu kayan teku. Akwai mai tafiya Bur Sudan mako mai zuwa.

Kawu Masunci (Ganis): Allah Ya yi maka albarka ɗana. Amma ka sayo daidai jikin yara. Rigar babba a jikin yaro, da ya faɗa ruwa sai ta haye kansa ta bar shi. A nemi mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Kuma a ɗaure tun a tudu, ba a ajiye ta a ƙarƙashin benci ba. Ka sani kuma, ruwanmu ba irin na Jidda ba ne. Na gishiri yana ɗaga mutum, namu na daɗi ba ya ɗagawa haka.

Ɗan Mai Wurno: To in haka ne a rage lodi, a bar 'yan matan a gaɓa wajen girki, mazan su shiga. An huta.

Sista Ummu Rayyan (Damazin): A'a ɗan'uwa, wannan ban yarda ba. Su ma sun rubuta jarrabawar, su ma sun kwana a ajin nan cikin zafi. Kuma in ka duba, wa ke zuwa bakin ruwa kullum wanki da ɗiba? Mata ne. Su ne suka fi kusantar ruwa, su ne kuma ba a koya wa komai game da shi. In za a rage lodi a yi sawu uku, ɗaya na mata da babbar mace a ciki. Ni zan shiga. A sa musu wando da riga mara nauyi, a ɗaure ɗankwali, rigar ruwa a sama. Tob, wato lafaya, da doguwar abaya in suka jiƙe nannaɗe ƙafa suke yi, jallabiyar maza ma haka.

Tunda na buɗe baki bari in faɗi na asibiti. Na farko tsargiya. Ruwan gefe mara gudu, mai ciyawa, shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da ita. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Yaro ya tsaya wasa a ruwa iya gwiwa, bayan makonni ya fara fitsarin jini, iyaye su ce balaga ce. Ba balaga ba ce, ciwo ne, kuma maganinsa praziquantel yana nan. Don haka a hau jirgi daga wuri mai tsandauri, kada a bar su su yi ta facaka a gefe.

Na biyu, wanda ruwa ke ci ba ya ihu. Mutane na jiran su ji kururuwa, alhali bakinsa na nutsewa yana fitowa, numfashi kawai yake nema. Za ka gan shi tsaye a ruwa kansa a ɗage, shiru. Kada wanda bai ƙware ba ya faɗa bayansa, riƙe ka zai yi ku tafi tare. A miƙa masa gora ko filafili, ko a jefa masa jarka mai lita 20 wadda ba komai a ciki, murfinta a ɗaure, da igiya a hannunta. Tana riƙe babban mutum kansa a sama.

Na uku, in an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɗaga shi ƙafa sama, kada a danna masa ciki wai a fitar da ruwa. An kawo mana yaro haka, an ɓata lokacin da ya fi tsada ana jujjuya shi. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya nemo mota. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kawo shi mu duba huhunsa.

Ummu Hiba (Rusairis): Kada fa? Ba wanda ya ambaci kada da dorina.

Kawu Masunci (Ganis): Suna nan, 'yar'uwa, ba zan ɓoye miki ba. Kada ba ya bin jirgi mai tafiya, mai tsayuwa a gefe yake so, da mai sa hannu a ruwa. Dorina kuwa mun san wuraren kwananta, ba ma bi ta nan. Shi ya sa nake cewa a tafi da wanda ke kwana a ruwan.

Ustaz, ga abin da zan iya. Ka sallami mutumin nan da kyakkyawar magana. Ni da ƙanena za mu fito da jirage biyu, ɗaya ya ɗauki yara shida da babba guda, ɗayan ya bi shi fanko da jarkoki da igiya. Bayan sallar asuba, da gari ya waye, kafin tara mun gama sawu uku. Ba za mu yi nisa da gaɓa ba. Kowa zai zauna a ƙasan jirgi, ba mai miƙewa, ba mai canza wuri, don in an ga tsuntsu ko kifi duk gefe ɗaya suke rugawa, abin da ke kifar da jirgi ke nan. In na tashi na ga sama ba ta yi mini ba, zan ce a fasa, kuma ba na son a roƙe ni. Kuɗin mai kaɗai za ka biya.

Baban Yasir (Damazin): Kawu, ban san da bakin da zan gode maka ba. Na karɓa duka. Juma'ar nan an fasa, sai riguna sun iso. Gobe zan bi iyayen ɗaya bayan ɗaya, wanda bai yarda ba ɗansa ba zai hau ba. Zan kuma je wurin 'yan Difa'ul Madani, masu aikin ceto, da jami'an tsaron wurin in sanar da su rana da adadinmu.

Ɗan Mai Wurno: Na janye maganar barin mata. Amma ina nan kan cewa a koya musu iyo, riga ba kullum take jikin mutum ba.

Sista Ummu Rayyan (Damazin): Wannan kam mun haɗu. Sai dai a ina, tunda gefen tafki ga tsargiya? A buɗe masa zance na daban.

Ummu Hiba (Rusairis): Ni dai Hiba ba za ta hau ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba, kada kowa ya ga laifina. Amma zan zo da asida da miyar kajaik in jira ku a tudu, in riƙa ƙirga su suna sauka.

Baba Alhaji (Wad al-Mahi): Kawun yara, in akwai wurin tsoho guda a jirgin da zai bi fanko, a sa ni. Yanzu da ruwa ya ja, an ce kan kukarmu yana fitowa. In hanyarku ta bi kusa, a kashe inji kaɗan in nuna wa yaran inda masallaci yake da inda makabarta take, mu yi fatiha.

Kawu Masunci (Ganis): Na san kukar, Baba, muna ɗaure kalli a reshenta. Ta yi wa yara nisa daga inda za mu tashi. Sai dai mu sauya mashiga, mu tashi ta ɓangarenku. Ustaz, ka nemo motar da za ta kawo su can kafin fitowar rana. Ɗana na Jidda, ka ƙara riga ɗaya ta babba.

Yaya a Jidda: An ƙara. Ustaz, turo mini shekarun yaran da kimanin nauyin kowanne a daren nan, da safe zan shiga kasuwa.